DUNDUMI: A GWADA IDON YARO DA ALMURU

Duk wanda ya zauna ƙauyukan Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, ya san irin yaron nan mai guje-guje duk yini, amma da magariba ta yi sai ya lafe gindin danga, akushin tuwo ma sai da lalube. Mu kan ce dundumi ne, har mu yi masa dariya. To, jama'a, abin ya wuce dariya.

Allon haruffan da a ke gwada ido da shi a asibiti ba ya kama wannan ciwo da rana, gama yaron zai gan su sarai. Ƙwayoyin da ido ke gani da su cikin duhu daban su ke da na rana, kuma ba sa aiki sai jiki na da bitamin A. Saboda haka sai a yi gwajin da almuru. A zauna da yaron da wani tsaransa cikin ɗaki, ba fitila, ba tocila, kamar minti 30, don ido kan ɗauki lokaci kafin ya saba da duhu. Sa'an nan a ajiye ludayi ko farar hula nesa kaɗan, a ce kowa ya ɗauko. In tsaran ya tafi kai tsaye, wannan kuwa ya na lalube, lalle a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

Gaggawar ba don ido kaɗai ba ce. A 1986 Likita Alfred Sommer ya nuna a Indunisiya cewa ba yara bitamin A ya rage mutuwarsu da kusan sulusi. Watau dundumi alama ce jiki ya raunana, ƙyanda ko zawo na iya kayar da yaron. A Gobir kuwa, inda 'yan bindiga suka kore shanu, mutane suka yi ta gudu zuwa Maraɗi tun 2019, nono da man shanu sun yi wuya a gidaje da yawa.

Tun zamanin Fir'auna Misirawa ke maganinsa da hanta, sun kuwa yi daidai. Manja, zogale, kabewa da mangwaro duk su na taimako. Jariri mai wata 6 zuwa 11 a kan ɗiga masa shuɗin ƙwanso, daga shekara 1 zuwa 5 kuma ja, bayan kowane wata 6. Babba kuwa da dunduminsa ya ƙi jin hanta, ya nemi likitan ido, don yana ko ciwon gado na iya kawo haka.