Manga da Alamar BL: Abin da Ya Kamata Gidan Musulmi Ya Sani Game da Littattafan Zanen Japan

A wurin yawancinmu, duk abin da aka zana da manyan idanu da launuka masu ɗaukar hankali katun ne, katun kuwa na yara ne. Da wannan fahimta muka tashi tun zamanin Tom and Jerry a talbijin, kuma da ita uwa ke leƙa wayar 'yarta, ta ga zane, hankalinta ya kwanta. A ƙasar Japan, inda da yawa daga cikin waɗannan zane-zane suke fitowa, lamarin ba haka yake ba. A can zane hanya ce ta ba da labari kamar rubutun zube ko fim, kuma babu irin labarin da ba a bayarwa da shi, tun daga na 'yan firamare, da na ƙwallo, da na girke-girke, har zuwa batsa tsagwaronta. Daga cikin rassansa akwai wanda ake yi wa alama da haruffa biyu, BL, wanda jigonsa soyayya ce tsakanin namiji da namiji. Malamanmu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Saboda haka za mu fara da sanin abin, kafin mu zo ga nauyin da ya hau kanmu.

Yadda Japan ta raba masu karatunta

Manga shi ne sunan littattafan labari cikin zane, anime kuma zane mai motsi da ake kallo. Masana'antar ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu a hannun mazana irin su Osamu Tezuka. Yawanci labari yakan fara fitowa kashi-kashi a cikin mujallu masu kauri na mako ko na wata, in ya samu karɓuwa a tattara shi a littafi. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a 1968, ta kai matsayin buga kwafi fiye da miliyan 6 a mako a 1995, kuma a cikinta ne Dragon Ball da One Piece da Naruto suka fito.

Kamfanonin ɗab'i sun raba mujallun gwargwadon shekarun mai karatu da jinsinsa. Kodomo na ƙananan yara ne, shonen na samari matasa, shojo na 'yan mata, seinen na maza manya, josei kuma na mata manya. A kantin littattafai kowanne da kantarsa, waɗanda aka ware wa 'yan shekara 18 zuwa sama kuwa ana sa musu tambari, a ajiye su a wani lungu daban. Wato su kansu masu abin ba su ɗauki kowane zane a matsayin na yara ba.

Asalin reshen

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, mafi yawan masu rubuta BL da masu karanta shi mata ne. Reshen ya tsiro ne daga mujallun 'yan mata a farkon shekarun 1970, lokacin da wasu matasan mazana mata suka karɓe fagen daga hannun maza. Ana kiran su 'Yan Shekara ta 24, domin an haife su wajen 1949, wadda ita ce shekara ta 24 ta mulkin Sarki Hirohito. Fitattunsu su ne Moto Hagio da Keiko Takemiya. Hagio ta fitar da The Heart of Thomas a 1974, labarin da ta gina a wata makarantar kwana ta maza a Jamus. Takemiya kuma ta fara Kaze to Ki no Uta a 1976, ta ci gaba da shi har 1984, a wata makarantar kwana a Faransa, kuma ta zana al'amuran jima'i da cin zarafin yara matasa a fili. Wannan mata daga baya ta zama shugabar Jami'ar Kyoto Seika, abin da ke nuna irin matsayin da sana'ar take da shi a ƙasar.

Hanya ta biyu da reshen ya bi ita ce ta masu buga wa kansu. A Disamban 1975 aka buɗe kasuwar Comiket a Tokyo da mutane kusan 700. A Disamban 2019 mahalartanta sun kai 750,000 cikin kwana huɗu. A wannan kasuwa masu sha'awa ke ɗaukar taurarin labaran da suka shahara, su sake zana su a matsayin masoya. A shekarun 1980 labarin da aka fi yi wa haka shi ne Captain Tsubasa, labarin ƙwallon ƙafa na yara wanda waɗanda suka taso da tashoshin Larabci suka sani da Kyaftin Majid. Labarin na asali babu ruwansa da wannan. Daga cikin masu wannan aiki ne kalmar yaoi ta fito, taƙaitawar wata jimlar Japananci da suke yi wa kansu ba'a da ita, cewa labaransu ba su da ƙololuwa, ba su da ƙarshe, ba su da ma'ana. A shekarun 1990 kamfanoni suka ga akwai kuɗi, suka kafa mujallu na musamman, sunan Boys' Love, wato BL, ya zauna.

Masu nazari a Japan sun kawo dalilai kan abin da ke jan mata zuwa gare shi. Wanda aka fi ambata shi ne, labarin da babu mace a cikinsa yana ba mai karatu damar kallon soyayya daga nesa, ba tare da nauyin da al'adarsu ta ɗora wa mace a aure ba. Amma reshen bai tsira daga suka a gidansa ba. A 1992 wani ɗan fafutuka mai suna Masaki Sato, wanda shi kansa mai neman maza ne, ya soki marubutan da cewa sun mayar da irinsa kayan mafarkin mata. Wasu kuma sun daɗe suna ƙorafi kan yadda labarai da yawa ke nuna tilastawa da fyaɗe a matsayin alamar tsananin so. A 2008 ɗakunan karatu na birnin Sakai suka janye littattafan BL fiye da 5,000 daga kantoci bayan koke, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka sassauta. A 2010 majalisar birnin Tokyo ta tsaurara dokarta kan sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 littattafan zane masu batsa.

Daga kantin Tokyo zuwa wayar hannu

Duk wancan tsari na kanta da tambari da mai shago yana rushewa da zarar littafi ya hau intanet. Akwai ƙungiyoyin masu sha'awa da ke ɗaukar hoton shafuka, su fassara zuwa Turanci ko Faransanci ko Larabci, su zuba a shafukan satar fasaha kyauta. A irin waɗannan shafuka labarin yara da na manya suna jere a layi ɗaya, abin da ya raba su 'yar alama ce a ƙarƙashin suna. Reshen ya kuma haihu a wasu ƙasashe. A Sin ana kiransa danmei, kuma hukumomi sun sha ɗaure marubutansa, ciki har da wata da aka yanke wa shekara 10 a 2018. A Koriya ta Kudu ya shiga labaran zanen da ake karantawa a waya ta hanyar jan shafi sama. A Tailan ya koma wasan kwaikwayo na mutane, inda shirin 2gether na 2020 ya bazu a duniya ta YouTube.

Ɗalibar da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba sai ta nemi wannan reshe da suna ba. Ta kalli gajeren bidiyon Naruto a TikTok, manhajar ta lura, ta kawo mata wani, sannan wani, har ta iso ga zanen da aka haɗa taurari biyu maza. Ko kuma ta shiga Wattpad don karanta littattafan soyayya na Hausa, inda marubutanmu mata da yawa suke sa ayyukansu, ta tarar da waɗancan a ƙofa ta gaba. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana iya duba littafin da ke kan tebur a kasuwa. Wanda ke cikin aljihun yarinya da ƙarfe sha biyun dare kuwa, babu mai isa gare shi sai mutanen gidansu.

Matsayin addini

Hukuncin aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. Alƙur'ani ya kawo ƙissar mutanen Annabi Luɗu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul A'araf da Hudu da Shu'ara'i da wasu surori, kuma malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa. Aya ta 30 da ta 31 na Suratun Nur sun umarci maza da mata su runtse idanu, aya ta 36 ta Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu cewa za a tambayi mutum game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Kasancewar tsiraici zane ne bai fitar da shi daga wannan umarni ba. Ya kamata mu yi wa kanmu adalci a nan: batsar da ke tsakanin namiji da mace, a fim take ko a littafin Hausa da ake sayarwa ta WhatsApp, ita ma tana ƙarƙashin wannan hani. Gidan da ya kawar da kai daga ɗaya ya tayar da jijiyar wuya a kan ɗayar, 'ya'yansa za su lura.

Akwai wata hasara da ba a cika ambata ba. Al'adar haɗa taurari tana koya wa ido ya riƙa karanta kowace shaƙuwa tsakanin maza biyu a matsayin sha'awa. Mu kuwa al'umma ce da aboki ke riƙe hannun abokinsa a titi, aminai su ci a kwano ɗaya shekara arba'in, kuma addininmu ya ɗaukaka ƙauna don Allah tun daga 'yan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina. Idan wannan kallo ya shige mu, ko ta hanyar masu karatun ko ta hanyar iyayen da tsoro ya sa suke zargin kowane aboki, mun yi asarar abu mai tsada.

Haka nan addinin da ya haramta aikin shi ne ya haramta mummunan zato da bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, ya kuma tsananta a kan jifan mutum da alfasha ba da hujja ba. Yarinyar da aka samu irin wannan labari a wayarta ta karanta abin da bai dace ba, iyakarsa ke nan. Laƙaba mata suna, ko tona ta a gaban dangi da 'yan ajinsu, zalunci ne da zai iya bin ta har gidan aure.

Abin da gida zai iya yi

Na farko shi ne sanin alamomin, domin rashin sani ya fi dare duhu. BL da yaoi da shonen-ai da danmei duk suna nuni ga soyayyar maza. Yuri da GL na soyayyar mata ne. Hentai da R-18 da 18+ da smut batsa ce a fili, ko wane jinsi ne, ecchi kuma tsiraici ne da ake sakayawa cikin raha. Waɗannan kalmomi da haruffan boko ake rubuta su a ƙarƙashin sunan labari, ko wanda bai ji Turanci ba zai iya gane su. Shonen kaɗai, ba tare da ai a ƙarshensa ba, yana nufin labaran samari irin na ƙwallo da faɗa, kada a rikita su.

Na biyu, wayoyi suna da makullai. Family Link a wayoyin Android da Screen Time a iPhone suna ba iyaye damar taƙaita manhajoji da lokaci. Ga ƙananan yara wannan ya wadatar matuƙa, musamman in an haɗa da dokar cewa waya ba ta kwana a ɗakin yara, dokar da ta fi tasiri idan manya ma suna bin irinta. Ga ɗan shekara sha shida kuwa, makulli jinkiri ne kawai.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne magana. A tambayi yaro abin da yake kallo, a bar shi ya ba da labarin, a zauna a kalli kashi ɗaya tare da shi. Uwar da ta san sunan tauraron da 'yarta ke so ta fi samun kunnenta ranar da za ta ce wannan kam a bar shi, ga dalili. In yaro ya zo da kansa ya ce ya ga abin da ya dame shi, ko yana jin wani abu a ransa da ya rikita shi, a tuna cewa Shari'a ba ta kama mutum da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa matuƙar bai aikata ko ya furta ba. Wanda aka tarba da duka a ranar farko ba zai sake dawowa ba, zai kai tambayarsa ga baƙin da ke intanet, su kuwa ba sa rufe ƙofa.

Ga ɗalibai da suka mallaki hankalinsu kuma, babu mai gadin da ya wuce mutum da kansa. Manhajoji da yawa suna da wurin da ake danna cewa ba a son irin wannan, kuma suna koyo daga abin da aka tsaya a kansa da abin da aka wuce. Masu hannun zane a cikinmu su lura da darasin da ke cikin wannan tarihi: 'yan mata ƙalilan da alƙalami da takarda ne suka kafa abin da ya zagaye duniya cikin shekara hamsin. Tarihin Nana Asma'u da na Muhammadu Bello da tafiye-tafiyen fatake zuwa Gwanja suna nan suna jiran mai zana su.

Aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora mana kare kanmu da iyalanmu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da hannu mai taushi don kada ya karye. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu hikimar riƙon amanarsu.