Daidaita Kaurin Sauti a Na'urar Sauraro ta Gida

Daga cikin matsalolin da ke addabar masu na'urar sauraron kiɗa a gida, babu wadda ta kai rashin daidaiton kaurin sauti, wato abin da masu sana'ar ke kira bas. Wani amon ya yi ta gurnani har ya danne sauran, wani kuma ya ɓace ɗungurungum. Galibi akan ɗora laifin a kan lasifika ko amfilifaya, alhali sau da yawa ɗakin ne ummul-haba'isin lamarin.

Dalili kuwa shi ne tsawon igiyar sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, don haka igiyarta ta zarce mita 8, tsawon da ya fi na yawancin faluka. Idan irin wannan igiya ta bugi bango ta dawo, sai ta ci karo da mai tahowa. A wani gurbi su haɗu su yi ƙarfi, a wani kuma su kashe juna. Ana gano amon farko da ɗaki zai kumbura ta hanyar raba 343 da ninkin tsawonsa. Ɗaki mai mita 4, alal misali, zai kumbura amon da ke kaɗawa kusan sau 43. Wanda ya zauna jikin bango zai ji shi ya yi yawa, wanda ya zauna tsakiyar ɗaki kuwa da ƙyar zai ji shi, alhali na'urar ɗaya ce.

Ke nan gyara na farko ba ya cin ko sisi: a janye lasifika daga kusurwa, a kuma kawar da kujera daga tsakiyar ɗaki da jikin bango. Tun a 1974 Roy Allison na Amurka ya nuna yadda kusancin lasifika da bango da ƙasa ke sauya ƙarfin amon da take fitarwa. Lasifika mai rami a bayanta ta fi shan wannan wahala, kuma toshe ramin da soso yakan rage gurnanin.

Ginin bulo da siminti mai daɓen tayil, irin wanda ya yawaita a Kano da Zariya, yana mayar da kaurin sauti kusan gaba ɗaya. Labule da darduma suna shanye siririn amo ne kawai. Kafin abu mai laushi ya shanye amon da ke kaɗawa sau 100 sosai, sai kaurinsa ya doshi rubu'in igiyar, wato kusan santimita 86. Shi ya sa ake cusa kayan shanye sauti masu kauri a kusurwoyi.

Wata dabarar, wadda a ji na farko take kama da ƙarin matsala, ita ce ƙara yawan wufa. Binciken Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna cewa wufa biyu ko huɗu a mabambantan gurabe sun fi guda ɗaya daidaita amo tsakanin kujeru. Na'urar gyaran amo kuwa tana iya rage wanda ya kumbura, amma ba ta iya cike gurbin wanda ya ɓace, domin duk ƙarfin da aka ƙara, mai dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake yi. Batun waya mai tsada ba shi da wani tasiri a nan. Matsakaiciya mai kauri, gajeriya, ta wadatar.

Lamarin ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Muryar namiji tana yawo ne tsakanin kaɗawa kusan 85 zuwa 180, daidai inda ƙananan ɗakuna ke yin ɓarna. Mai fiɗar karin sautin Hausa daga faifai, ko mai bibiyar zancen kalangu, yana iya jin wata gaɓa ta fi 'yar'uwarta nauyi alhali aikin bango ne. Ga irin wannan aiki, abin sauraro na kunne ya fi lasifika aminci, domin ya fitar da ɗakin daga lissafi.