Motar gona tana shan baƙin mai? A bincika kafin a sauke inji



Yau dai maganar mota za mu yi. Duk wanda kajinsa suka haura ɗari biyar ya san akwai ma'aikaciya ɗaya a gonar da ba ta cikin lissafin albashi, wato tsohuwar motar da ke ɗauko buhunan abinci daga gari, ta koma da kiret-kiret na ƙwai ko robobin tarwaɗa. Wani a-kori-kura gare shi, wani Golf ce da aka cire wa kujerar baya, wani tsohuwar Hiace. Da yawansu sun haura shekara ashirin, wasu ma sun girme ni. Ciwon da suka fi yi kuwa shi ne shan baƙin mai. Ka yi juye yau, bayan mako biyu ka zaro geji ka ga mai ya sauka, ka ƙara lita ɗaya, bayan kwana goma ka sake ƙarawa.

Ni noma da kasuwancinsa na karanta, ba kanikanci ba. Amma motar gonarmu ta zaunar da ni a gareji fiye da yadda wasu darussan suka zaunar da ni a aji, kuma abin da na lura da shi ke nan: da ka ce wa bakanike "tana shan mai", kafin ka rufe baki zai ce maka "ringi ne, sai an sauke inji". Wani lokaci gaskiyarsa ne. Sai dai sauke inji kuɗin buhunan abinci ne masu yawa, ga mota a kwance mako guda ko biyu kana biyan haya. Akwai gwaje-gwajen da ba sa cin ko kuɗin kiret ɗaya, kuma su ya kamata a fara yi.

Abu na farko, a auna. Mu da muke rubuta cewa kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, bai kamata a tambaye mu nawa mota ke sha mu ce "wallahi da yawa dai" ba. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, da safe kafin a tayar da ita ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Cika shi zuwa layin sama, kada ka wuce. Rubuta kilomitar da ke kan allo a littafin da kake rubuta ƙwai. A yawancin ƙananan motoci tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ne, don haka ranar da ya sauka layin ƙasa ka san nisan da lita ɗaya ta kai ka. In allon kilomita ya mutu, kamar yadda ya mutu a rabin motocin gona, ƙirga zuwa gari nawa ka yi. Wasu kamfanonin suna rubutawa a littafin mota cewa rabin lita har zuwa lita ɗaya a kilomita 1,000 ba laifi ba ne. A nawa ganin, in tsohuwar mota ta kai lita ɗaya a kilomita 1,000, ko kuma shan nata yana ƙaruwa wata bayan wata, lokacin bincike ya yi.

Daga nan sai a raba tsakanin zuba da ƙonewa, don mutane da yawa suna cewa mota na shan mai alhali zubar da shi take yi. Shimfiɗa kwali ko farin buhun abinci a ƙarƙashinta ta kwana. Kada ka tsaya nan, don akwai yoyon da ba ya fitowa sai inji na aiki. A wanke injin tas, a yi tafiyar kwana biyu, a leƙa gefen murfin saman inji, da wajen filtar mai, da tukunyar mai ta ƙasa, da mahaɗar inji da giya. Man da ke ɗiga a kan bututun salansa mai zafi yana yin hayaƙi da ƙauri har cikin mota, sai ka rantse inji ya ƙare, alhali gaskit ɗin murfi ne kawai.

In babu yoyo, to hayaƙi za a karanta, kamar dai yadda muke karanta kashin kaji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya bajewa da wuri, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne ke shiga silinda. Ɗan tururin da ke fita da sanyin safiya a lokacin hunturu ba komai ba ne. Na baƙin mai shuɗi-shuɗi ne mai ratsin toka, da ƙaurinsa daban. Direba ba ya ganinsa sosai a madubi, saboda haka ka sa yaron gona ya tuƙa, kai ka bi shi a baya da babur.

Lokacin da hayaƙin ke fitowa ya fi launinsa ba da labari. Hanya biyu ce babba da mai ke bi ya shiga inda wuta ke ci: ko ya gangaro daga sama ta jikin bawul, ko ya hauro daga ƙasa ta gefen fistin. A saman kowane bawul akwai 'yar roba da ke tare mai. Shekaru da zafi suna busar da ita ta ƙandare. In mota ta kwana, mai yana ɗiga a hankali ya taru, da safe kana tayarwa sai ta yi aman shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci, daga nan ta washe. Haka in ta daɗe tana silo a cunkoson kasuwa ka taka totur, ko ka sauko doguwar gangara da giya ba ka taka ba, sannan ka taka a ƙasa, sai buf. Wannan duk alamar robar bawul ce. Aikinta a saman inji yake, akwai ma bakaniken da zai canza ta ba tare da ya cire kan injin ba. Amma in hayaƙin yana ƙaruwa ne sa'ad da ka lafta mata buhu talatin kana hawa tudu, kuma ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, to hankali ya koma kan ringi.

Ko a nan ma kada a yi sauri. Akwai wani ɗan bawul mai suna PCV, bai fi babban yatsa ba, yawanci a jikin murfin saman inji da tiyo a bakinsa. Aikinsa fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iskar nan tana tura mai ta kowace kafa, har ka tarar da mai a gidan matatar iska. In kuma ya maƙale a buɗe, sai inji ya dinga zuƙar mai kai tsaye. A tsofaffin motoci da yawa kana cire shi ka girgiza, in ka ji ƙacau-ƙacau yana motsi, in shiru ya daskare. Wani mai kifi da nake kai wa 'ya'yan tarwaɗa har ya sa ranar sayar da kifin tafki guda tun bai kai girman kasuwa ba, don ya biya kuɗin sauke inji. Aka duba wannan ɗan abin da tiyonsa, ashe sun cushe da datti kamar kwalta. Aka canza, shan man bai tsaya gaba ɗaya ba, amma ya sauka inda zai iya jira har kifinsa ya isa.

Sai fulogi. A cire su a jera bisa tsari, kada a cakuɗa. Bakin da ya jiƙe da baƙin mai ko ya tara toka mai kauri yana nuna silindar da ke ƙona mai. In ɗaya ne kawai, matsalar a wuri ɗaya take. In man a wajen fulogin yake, cikin ramin da yake zaune, wannan gaskit ɗin murfi ne. Ka kuma buɗe murfin zuba mai inji na silo. 'Yar iska kaɗan ba laifi, amma in yana huci yana tofo hayaƙi kamar tukunyar dambu, wuta na tsallake ringi.

Gwajin da nake so kowa ya nace a kai kafin a taɓa sifana shi ne na kwamfireshan. Agogo ne da ake ɗaurawa a ramin fulogi, inji da ɗumi, an cire fulogai duka, an take totur, a murza makulli. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da wajen psi 125 zuwa 180, ya danganta da irinsa, amma abin dubawa shi ne kada silinda ɗaya ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. In agogo ya hau sosai, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ba ya rufewa. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, a zargi gaskit ɗin kai. Wannan zuba man na injin fetur ne kawai, kada a yi shi a na gas, yana iya kamawa ko ya lanƙwasa ƙarfe. Mai injin gas da turbo ya fara da cire tiyon da ke fita daga turbo ya ga ko mai ya kwanta a ciki.

Ga inda abin yake da rikici. Fistin ringi uku gare shi: biyu na sama suna riƙe ƙarfi, na ukun shi ke share mai daga bangon silinda. Na ukun nan yana iya maƙalewa da datti alhali na sama lafiya lau, sai agogo ya nuna komai daidai, mota na ja, mai kuma na tafiya. Camry mai injin 2.4 ta wajajen 2007 zuwa 2009 ta yi suna a kan wannan, har kamfanin Toyota ya riƙa canza wa mutane fistin da ringi a Amurka. Saboda haka kyakkyawan kwamfireshan bai wanke ringi ba. Sai an cire yoyo, da PCV, da robar bawul daga zargi, sannan a ce saura shi.

Abin da ke cinye ringi a gonakinmu kuwa sananne ne: ƙura. Hanyar gona ba kwalta, ga hazo, ga matatar iska da ake ta busawa wajen mai faci har ta yage. Ƙurar da ta wuce ta tana goge bangon silinda kamar sanfefa. Ƙara da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi wanda ba ka san asalinsa ba, da jinkirin juye, da barin mota ta tafasa a ce a zuba ruwa a ci gaba. In an yi maka sabon ringi ka koma wa wannan halin, kuɗin ka zubar.

Game da mai kauri irin 20W-50 da maganin gwangwani da ake zubawa: suna rage hayaƙi, suna saya maka lokaci a tsohon inji, ba sa mayar da ƙarfen da ya cinye. Kuma ba kowace mota mai shan mai ce ke buƙatar aiki yau ba. Lissafa kuɗin litocin da kake ƙarawa a wata, ka ajiye kusa da kuɗin aikin. In tana ja, fulogi ba ya mutuwa, sau da yawa ya fi sauƙi ka ci gaba da ƙarawa har ka sayar da tsofaffin kaji. Sharaɗin kawai shi ne geji kowace safiya da galan ɗin mai a bayan kujera. In jar fitilar mai ta kama a hanya, a kashe nan take, ko da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya ne a baya, a nemi inuwa a kira wata motar. Inji na bugawa cikin mintuna, kuma tsayuwar da za ka yi bayan ya buga ta fi wannan tsawo.

Masu kifi, injin ban ruwanku ma haka yake, sai dai shi cikinsa bai fi ɗan sama da rabin lita ba, kuma yawan hayaƙinsa daga cika mai fiye da kima ne ko kwantar da shi a gefe a kan babur. A tsayar da shi daidai, a rage man, a wanke matatar iska kafin a kira kowa. Juyen kuma a yi shi nesa da tafki da rijiya, a tara tsohon man a jarka mai murfi.