Hali ko Doka: Tsohuwar Muhawarar Sin da Darasin Minna

Sama da shekara 2,000 ke nan da malaman ƙasar Sin suka rabu kan tambayar da har yau take gaban duk mai riƙe da amanar jama'a: me ke gyara mulki, kyawun halin shugaba ko tsananin doka?

Confucius, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya, ya tsaya kan hali. A ganinsa, talakawa na kwaikwayon na sama, kuma wanda aka yi wa tarbiyya zai ji kunyar zalunci ko da ba mai ganinsa. Han Fei, wanda ya rasu a 233 kafin Miladiyya, bai yarda da haka ba. Ya ga cewa mutanen kirki kaɗan ne, don haka dole a kafa mulki kan doka bayyananniya, lada ga mai aiki, horo ga mai laifi. Mabiya Laozi kuma suka ga alheri a shugaban da ke rage shisshigi, ba ya manne wa kujera.

Daular Qin ta ɗauki tafarkin doka zalla, ta haɗa kan Sin a 221 kafin Miladiyya, amma ba ta kai shekara 20 ba ta rushe. Daular Han da ta gaje ta ta riƙe tsarin dokar, ta kuma ɗaukaka koyarwar Confucius wajen tarbiyyar ma'aikata, ta yi kusan shekara 400.

Minna, fadar Jihar Neja tun 1976, tana da rabonta a wannan muhawara. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya dogara ga horo. Ɗan Minna, Janar Ibrahim Babangida, ya zo da hukumar MAMSER a 1987 a ƙarƙashin Farfesa Jerry Gana, shi ma ɗan Neja, domin gyara tunanin jama'a ta hanyar wayar da kai. Na farko ya sa mutane bin layi saboda tsoro. Na biyu ya yi wa'azi, sai dai soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya raunana amanar da wa'azin ke bukata. Wani ɗan Minna, Janar Abdulsalami Abubakar, ya karɓi mulki a Yunin 1998, ya miƙa shi ga farar hula ranar 29 ga Mayu 1999.

Malaman ƙasar Hausa ba su raba hali da doka ba. Al-Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan tsoron Allah da tsara hukuma a lokaci guda. Abdullahi ɗan Fodiyo, cikin Diya'ul Hukkam, ya bayyana sharuɗɗan shugaba tare da ƙa'idojin shari'a da na baitulmali.

Ma'aikacin tarayya na yau yana ƙarƙashin dokar bayyana kadarori, ga ICPC da aka kafa a 2000, ga EFCC. Amma fayil ɗin fanshon wani dattijo na iya yin wata uku a kan tebur ba tare da an ce an karya wata doka ba. Can inda idon mai bincike ba ya kaiwa, halin ma'aikaci ne kaɗai ke motsa takarda. Inda kuma halin ya gaza, wajibi ne hukunci ya hau kan babban sakatare kamar yadda yake hawa kan masinja.