HMS Starling: Jirgin Rakiya da Ya Zama Mafarauci

HMS Starling ƙaramin jirgin yaƙi ne na sojan ruwan Birtaniya, wanda aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don raka ayarin jiragen kaya a Tekun Atlantika. Kamfanin Fairfield ne ya ƙera shi a Govan da ke birnin Glasgow. An saka shi ruwa a watan Oktoban 1942, ya kama aiki ranar 1 ga Afrilu, 1943. Tsawonsa kusan mita 91 ne, mutanen cikinsa kuwa sun tasam ma 200.

A wancan zamani, yawancin man fetur, da kuma makamai da abinci masu ɗimbin yawa, ta teku suke isa Birtaniya, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuma suna tare hanya suna nutsar da jiragen kaya. Jirgin rakiya ba ya iya yin nisa da ayarinsa. Da ya kori mahari sai ya koma bakin aiki, shi kuma maharin ya numfasa, ya sake biyo sawu. Wannan ya sa aka kafa wasu rukunoni da ba a ɗaure su da ayari ɗaya ba, aka sakar musu mara su bi abokin gaba har su ga bayansa. Starling ne ya jagoranci rukuni na biyu, mai sansani a Liverpool, a ƙarƙashin Kyaftin Frederic John Walker.

Farautarsu ta farko ta nuna halin rukunin. Ranar 1 ga Yuni, 1943, suka gano jirgin Jamus U-202, wanda ya nutse can ƙasa inda bama-bamansu ba sa cim masa. Walker bai yi gaggawa ba. Ya san iskar numfashi da wutar batir za su ƙare wa na ƙasa, don haka ya yi ta bibiyarsa kusan awa 15. Bayan tsakar dare U-202 ya taso dole, aka buɗe masa wuta. Ranar 24 ga watan kuma Starling ya banke U-119 da goshinsa, ya nutsar da shi, amma shi ma ya ji rauni har sai da ya je gyara.

Babbar gudummawar Walker wata dabara ce ta sanɗa. Na'urar asdik, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa, takan ɓatar da abin da take bi idan an matso kusa da shi sosai. Ga shi bam yana ɗaukar lokaci kafin ya nutse, na ƙasa kuwa da ya ji ƙarar inji ta taso a kansa sai ya kauce. Walker sai ya raba aikin biyu. Jirgi ɗaya ya tsaya daga baya yana riƙe da abokin gaba a na'ura, yana yi wa ɗan'uwansa jagora ta rediyo. Na biyun ya kashe tasa na'urar, ya lallaɓa a hankali, tafiyar da ba ta wuce kilomita 9 a awa ba, har ya hau kan jirgin Jamus ya zuba masa bama-bamai ba zato. Dabarar tana bukatar haƙuri da yarda da juna, kuma a nan ne ƙarfin rukunin yake.

Daga 31 ga Janairu zuwa 19 ga Fabrairun 1944, a fita guda, rukunin ya nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwa 6. Na ƙarshensu shi ne U-264, wanda aka ceto mutanensa gaba ɗaya. Nasarar ba ta zo kyauta ba, domin makamin topido ya fasa bayan HMS Woodpecker, ɗaya daga jiragen rukunin, jirgin ya nutse bayan kwanaki ana jansa zuwa gida, ko da yake ba a rasa rai ba. A watan Maris Starling ya raka ayari mai lamba JW 58 zuwa arewacin Tarayyar Sobiyet, ya nutsar da U-961 a hanya. A watan Yuni yana cikin masu tsare mashigar ruwan Ingila lokacin da sojojin ƙawance suka sauka Normandi.

Walker bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1944, yana ɗan shekara 48, sakamakon toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, abin da aka danganta da yawan aiki ba hutu. A teku aka yi masa makwanci. Mutanen da ya horar sun ci gaba da aiki, kuma kafin watan ya ƙare Starling da HMS Loch Killin suka nutsar da U-333.

An lissafa cewa Starling yana da hannu a nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwa 14 na Jamus. Bayan yaƙi aka mai da shi jirgin koyar da hafsoshi sanin hanya a teku, sannan aka wargaza shi a 1965.