Ko Kun Sani? Igiyar da ke tsayar da masana'antar Toyota

Ko kun san cewa a masana'antun Toyota, ma'aikaci mafi ƙanƙantar muƙami yana da ikon sa a tsayar da layin haɗa motoci? Idan ya ga noti bai ɗaure ba, ko ƙofa ta ƙi zama daidai, a wasu masana'antun sai ya ja wata igiya da ke rataye a saman kansa. Nan take fitila ta kama a allo, kiɗa ya tashi, shugaban rukuni ya rugo. In an gyara matsalar kafin motar ta kai iyakar wurin aikinsa, shi ke nan. In ba haka ba, layi ya tsaya cak. Japanawa suna kiran wannan tsari andon, sunan fitilar takarda ta gargajiya.

Dabarar kuwa daga masaƙa ta fito. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motar a 1937, injinan saƙa yake ƙerawa. Injinsa na 1924 yakan tsaya da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don haka ba a saƙa yadi mai tabo, kuma mutum guda yana iya lura da injina da yawa.

Tsayar da layi asara ce, babu musu. Amma lissafin Toyota shi ne, gara asarar 'yan mintoci da a haɗa mota ɗari da aibu ɗaya sannan a dawo ana kwance su.