Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Ta Ƙi Mutuwa Bayan An Kashe Ta

Duk wanda ya saba shiga mota tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, musamman a watannin bazara, da wuya a ce bai taɓa ganin wannan abu ba. Direba zai tsaya a tasha, ya murɗa makulli, har ya zare shi ya jefa aljihu, amma injin ya ƙi yin shiru. Sai a ji yana tari, motar tana karkarwa kamar mai masassara, can ya yi wata irin atishawa sa'an nan ya mutu. Waɗansu fasinjoji su yi dariya, waɗansu kuwa su ce motar tana da iskoki. Ni dai a nan ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa abin yana da dalili, kuma dalilin yana cikin darasin kimiyya da muke yi a aji.

Da farko ya kamata mu san yadda injin fetur yake aiki. A cikin kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka. In ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da fetur. In ya hau sai ya matse su. Daga nan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta tura fistan ƙasa da ƙarfi. Da ya sake hawa sai ya kori hayaƙi ta salansa. Watau inji yana bukatar abu uku: iska, da mai, da wuta.

To, ga inda gizo yake saƙar. A tsofaffin motoci, irin su Fijo 404 da 504 waɗanda aka fara harhaɗa irinsu a Kaduna a 1975, makulli ba ya tsare kome cikin ukun nan sai wutar fulogi. Abin da ke gauraya fetur da iska, watau kafireta, babu ruwansa da makulli. Muddin fistan yana motsi zai ci gaba da zuƙar mai, kuma famfon mai ma injin ne ke juya shi. Saboda haka bayan an kashe mota, iska tana nan, mai yana nan. In aka sami wani abu da zai tsaya a madadin tartsatsi, injin zai ci gaba da juyawa.

Mene ne wannan abu? Kowa ya san in iyayenmu mata suka gama girki suka janye itace, garwashi yakan saura cikin toka, in ƙaiƙayi ya faɗa a kai sai ya kama. Haka yake a cikin inji. Shekara da shekaru baƙin mai da bai ƙone sarai ba yana taruwa a kan fistan da bakin bawul, kamar kunkunniya a rufin madafa. In inji ya yi zafi ƙwarai, wannan dauɗa takan yi ja kamar garwashi. Bakin fulogin da bai dace da motar ba shi ma yakan yi haka. Ga kuma matsi, gama iska in an matse ta takan yi zafi. Wanda ya taɓa ba keke iska ya taɓa gindin famfon ya san haka. Garwashi da matsi in sun haɗu sun isa su kunna fetur.

Da matsi kaɗai injin gas yake aiki, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a 1897. Shi ba shi da fulogin tartsatsi, shi ya sa ba a kashe shi sai an datse masa mai. Motar fetur da ta ƙi mutuwa ta koma kwaikwayon injin gas ke nan na ɗan lokaci.

Me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu? A ganina dalilai huɗu ne. Na ɗaya, zafi: a watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a Birnin Kebbi, ga lodi fiye da kima, ga tafiyar hawainiya in an shiga cunkoso, kamar lokacin bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934, sa'ad da motoci ke jerin gwano zuwa Matan Fada. Na biyu, ruwan rijiya ko na gulbi da ake ɗura wa lagireto yakan bar laka da tsatsa su toshe hanyar ruwa. Na uku, ƙurar hunturu takan cika matatar iska, mai ya yi wa iska yawa, dauɗa ta ƙaru. Na huɗu, man galan na bakin hanya, in an surka shi da kananzir, ya fi saurin kamawa da kansa in an matse shi. Wani bakanike a unguwarmu ya ƙara mini na biyar. Ya ce, “Yaro, rabin laifin na masu motar ne. Inji in ya tsufa yana mutuwa a tsaye, maimakon a gyara, sai a ce in ƙara masa silo. Da silo ya yi sama, ka buɗe wa mai ƙofa ke nan.”

Motocin zamani masu injekta ba su cika yin wannan ba, domin kwamfutar motar tana datse mai da wuta a lokaci guda. Tun kafin su ma, an sa wa waɗansu kafiretoci wani ɗan bawul mai aiki da lantarki da ke rufe hanyar mai da zarar an murɗa makulli. In ya lalace, cutar takan dawo.

Kada a ɗauki abin wasa. Wutar da garwashi ya kunna ba ta tashi a kan lokacinta, tana dukan fistan tun bai gama hawa ba, har wani sa'i injin ya juya da baya. A kwana a tashi sai a yi asarar inji, alhali da motar nan ake ciyar da iyali, da ita ake biyan kuɗin makarantar waɗansunmu. Akwai kuma hatsari ga rai: in direba ya saki kuloci motar tana cikin giya, tana iya zabura ta buge mai talla ko yaron da ke gabanta.

In abin ya faru, direba ya ja birkin hannu, ya take birkin ƙafa sosai, ya sa babbar giya, sa'an nan ya saki kuloci a hankali, injin zai mutu. Bayan doguwar tafiya kuwa, ya bar shi ya yi silo kamar minti ɗaya kafin ya kashe. Amma maganin gaskiya yana gareji: a rage silo, a daidaita taimin, a sa fulogin da ya dace, a wanke lagireto, a duba fanbel, in ta kama a buɗe kan inji a kankare dauɗar. In kuwa injin yana tafiya sumul ba tari bayan an zare makulli, to, wannan wata cuta ce dabam, lantarki ne bai yanke ba, sai a nemi mai gyaran waya.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina roƙon 'yan'uwana da ke da tsohuwar mota a gida su karanta wa iyayenmu wannan bayani, don a kai ta gareji tun gyaran yana na fulogi, kafin ya zama na inji.